Wuƙar Yanka Daban Take

Zuwa ga ɗana Musa,

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ko da yake kwanakin nan gaisuwarmu ta koma irin ta maƙwabta, ka ce ina kwana daga bakin ƙofa, in ce lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Allah ya kai ka inda za ka lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin daji, da sharrin abokin tafiya, wanda ni a wurina ya fi sauran muni.

Na zaɓi in rubuta ne don na san in na buɗe baki faɗa za mu yi. Kai kana da saurin amsa, ni ina da saurin fushi, innarka kuma ta gaji da tsayawa tsakaninmu. Ka karanta a cikin mota bayan kun bar tasha, inda ba ka da wanda za ka mayar wa magana. In rubutun ya karkace ka yi haƙuri, ka san yadda hannun yake da riƙon bik, wato alƙalami.

Ban hana ka aikin nan ba. Alhajin da ya ɗauke ka yana kai manyan mutane farauta can gabas, da takardarsu ta izini, da motocinsu masu sanyi. Su harba, kai ka yanka, ka feɗe, ka gyara nama. Abin da aka yi ta korar mu a kansa muna talakawa, shi ne yau masu hali ke yi don nishaɗi. Na haɗiye wannan, na saba da haɗiya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da ka yi ranar Juma'a.

Na shimfiɗa tabarma, na jera maka wuƙaƙena uku cikin kubensu da ɗan gatarina. Ka shigo da abokanka, ka dube su sama-sama, sai ka zaro wadda ka sayo a babbar kasuwa. Doguwa, fara fat, ga haƙoran zarto a bayanta, ga ƙotar roba. Ka ce, "Baba, wagga guda ta isa komi. Mi za ni yi da tarkacen maƙera?" Abokanka suka yi dariya, ni ma na yi ƙoƙarin yin murmushi. Da ka tsaya nan da ban ɗauki bik ba. Amma da na fara yi maka bayani sai ka katse ni, ka ce, "Kai da ko ragonka na layya sai an zo an yanka maka?"

Zan ba ka amsa a nan, amma sai ka bi ni a hankali, don kowace wuƙa da ka gani a tabarmar nan sai da na yi asarar wani abu kafin na mallake ta.

Ka koyi fawa a mahauta, ban musa ba, hannunka ma yana da kyau. Sai dai can rago a rataye yake, ga famfo, ga siminti. A daji dabba tana kwance cikin yashi, rana na dukanta, ƙuda sun riga ka isowa, ruwan da ke gare ka kuwa na sha ne.

Ni ma na yi irin wuƙarka. Farkon zuwana Yamai daga Adar, ina saurayi, na saye ta a hannun wani tsohon soja. Nakan rataya ta a ƙugu in bi ta unguwarmu Talladje ina wani buɗe kafaɗu. Lokacin muna bin Baba Arzika, wani tsohon maharbi da ke kai mu dajin kudu da Say, tun daji na shiguwa. Ranar da ya fara ganin ta ya tambaye ni ko yaƙi za ni. Na ɗauka hassada ce irin ta tsofaffi, kamar yadda kai ma ka ɗauka ranar Juma'a.

Barewar farko da aka ba ni in buɗe wa ciki, na cusa tsinin nan da ƙarfin saurayi. Bai tsaya ko'ina ba sai cikin tumbi. Ƙazanta ta malale kan nama, na rikice, na ja wuƙa da sauri na haɗa da matsarmama. Babu ruwan wankewa. Kafin la'asar nama ya fara wari, ga ɗaci, kuma ba rabona kaɗai na ɓata ba, har na mutanen da suka wuni suna bin sawu. Baba Arzika bai zage ni ba. Ɗora mini gawar ya yi a ka, na kai ta sansani ruwanta na bin wuyana.

Saboda haka na mallaki ƙaramar, wadda ka ɗaga da yatsu biyu ka ce ta yankan albasa ce. Wuƙar buɗe ciki kada ta wuce faɗin tafin hannunka, kuma tsininta ya zama ya sunkuyar da kai, ba ya ɗaga sama ba. Ka ɗora manuninka a bayanta. In yatsan bai kai kusa da tsini ba, to ba ka san inda tsinin yake ba, kuma a cikin cikin dabba ido ba ya taimakon ka. Ka juya kaifi sama, ka sa yatsu biyu na hagu ƙarƙashin fata suna danne hanji, wuƙa na tafiya tsakaninsu. Da ita ɗin nan za ka zare nama daga ƙashi, da ita za ka yayyanka shi siriri in za a yi banda. Haƙoran zarton da kake taƙama da su, duk lokacin da ka janyo wuƙa sai sun janyo hanji da gashi tare.

Ta biyun, mai lanƙwasa, fata ce ta saya mini ita. Na feɗe kanki da doguwar wuƙata, na naɗe fatar na kai wa wani majemi ina jin kaina. Mutumin ya warware ta ya ɗaga saitin rana, haske na fitowa ta ko'ina, sai ya tambaye ni ko rariya nake sayarwa. Yaransa suka kwashe da dariya. Kai kuwa mutanen da za ka yi wa aiki ba yunwa ta kai su daji ba. Fatar suke so su shimfiɗa a salo, ɗakin zamansu, su nuna wa baƙi, huda ɗaya ta isa a sallame ka. Wuƙar fiɗa ta zama mai faɗin ciki, mai dakusasshen hanci, wadda ke kwanciya a kan fata ba ta soka. Ka yi fiɗa tun dabba na da ɗumi. Hagu na jan fata, wuƙa na taɓa farin yanar da ke tsakani kawai, inda ya sake kuma ka ajiye ta ka tura da dunƙulen hannu. Mai fiɗa na gaske ya fi aiki da hannu a kan ƙarfe.

Da na yi hankali daga nan da ka taso ka ga uba mai cikakkun yatsu. Amma ban rabu da doguwar ba, ina son ta. Na ce to, ciki da fata sun samu nasu, ita kuma ta riƙa yin sauran aiki. Wata rana ina saran ƙashin ƙugu da ita, hannuna duk jini da kitse. Wuƙa ta cije a ƙashi, na danna, ita ta tsaya, hannuna bai tsaya ba. Ya zame daga ƙota ya bi kaifi. Kafin a kawo ni likita a Yamai jijiyoyi sun riga sun janye. Yatsun nan biyu da ka taso kana gani a miƙe ko ina riƙe da kofin shayi, kana ƙarami har kwaikwayo na kake yi, daga nan suka samo asali.

Don haka in za ka zaɓi wuƙa, ƙota za ka fara dubawa. Ka shafa kitse a tafinka ka riƙe ta. Ka yi wa taka haka ka gani, robar nan za ta sulɓe maka kamar sabulu. Ƙotar itace mai kaushi ko wadda aka naɗe da fata ita ce ta daji, kuma ta kasance da ɗan tudu da zai tare yatsa. Ƙashi kuma ba aikin wuƙa ba ne. Ka nemi gaɓa, Allah ya riga ya raba dabba, kai bin layi kawai za ka yi. Inda babu gaɓa ka ɗauko gatari.

Ka raina baƙin ƙarfen maƙera don yana tsatsa. Gaskiya ne, yana yi, in ka bar shi da jini. Ka goge shi ka shafa kitse, shi ke nan. Amma ƙarfen resor, wato sifirin na tsohuwar mota, in maƙeri ya iya wutarsa, duk dutsen da ka tsinta a daji zai mayar masa da kaifi. Farin ƙarfen inoks ɗin kasuwa irin na wuƙarka in ya dakushe sai ka wuni kana gurza, kana zufa, shi yana ƙyalli.

Yanzu bari in zo kan maganarka.

Ka san sunan da ake kira na da shi a kartiye, wato unguwa, in na ba da baya. Kana ƙarami a makarantar lakwal ka sha dawowa da yagaggiyar riga don wani ya ce maka ɗan Mushe, ni kuma maimakon in zaunar da kai sai in ƙara maka da duka. Ka san sunan, ka ji labarin a bakin mutane gutsi-gutsi. Abin da ba wanda ya gaya maka shi ne wuƙa ce ta jawo shi, kuma irin taka ce sak.

Makon da aka haife ka ne. Yayyenka duk mata, sai ga ka, na rasa inda zan sa kaina don murna. Ragon suna yana ɗaure, amma na ce sai na ciyar da Talladje naman daji. Baba Arzika ya riga ya rasu, sai muka fita ni da Nomau, wanda a lokacin nake kira aminina. Tun safe doguwar wuƙata ke aiki. Na sare ƙaya da ita don gyara wurin zama, na faskara itace, na buɗe gwangwanin sardin, na datse ƙashin wata gada da muka samu. Ita ce kuma ta yanka, don a tunanina babbar wuƙa ai ita ta dace da babban wuya.

Da rana ta karkata na samu gwanki. Harsashi ya shige shi a cinya, ya yi ta gudu yana zubar da jini, ina bin sa, Nomau na baya. Na iske shi kwance ƙarƙashin wata ƙirya, da ransa, yana kallo na. Ka san hukuncin kamar yadda aka karantar da mu. In ka ambaci Allah ka harba, harbin ya gama da dabba kafin ka iso, ta halatta. In ka iske ta da rai kuma kana da halin yanka, sai yanka. Na juya shi alƙibla, na danne, na yi bisimilla, na ja. Wuƙa ta bi ta kan gashi. Na sake ja da dukkan ƙarfina, ta ɗan tsaga fata ta tsaya. Wuyan gwanki ba wuyan rago ba ne. Ƙaramar wuƙata da ta fiɗa suna sansani cikin jaka. Na tashi a guje ina neman dutse, na samu, na gurza, na dawo. Na tarar idonsa ya riga ya kafe.

Nomau ya iso ya same ni tsaye. Na gaya masa abin da ya faru. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce, "Garba, wa ya gani? Ida yankanka mu tai." Ni kuwa ina tuna mutanen da na riga na yi wa alkawari, ina tuna yadda za a ce uban Musa ya dawo hannu wofi. Na duƙa na yanka wuyan gawa.

Ranar sunanka kartiye ta ci ta ƙoshi. Liman ya ci, maƙwabtanmu Zabarmawa sun ci suna ta fofo, godiya da harshensu, Nomau ya fi kowa ci. Bayan wasu watanni muka saɓa da shi kan wata bindiga da ya ara ya ƙi mayarwa. Bai yi wata-wata ba ya zauna a fada, dandalin hirar unguwa, ya ba da labari, ya cire kansa daga ciki tsaf. Liman ya kira ni. Tambaya biyu kawai ya yi mini. Ya ce, "Ka iske shi da rai?" Na ce da rai. Ya ce, "Da wuƙa a hannunka?" Na ce tana hannuna. Ya ce in nemi gafarar Allah, in kuma bi mutane in nemi tasu. Na bi gida-gida. Allah dai ina sa rai ya yafe. Mutanen Talladje har yau suna tunani.

Nomau yanzu ya je Makka ya dawo, yana sahun gaba a masallaci, ana tashi ana ba shi kujera. Ni kuma Garba Mushe, gardi a ƙofar wani gida a unguwar masu kuɗi ta Plateau, inda kuku ke da aljihun tebur cike da wuƙaƙen da bai san amfanin rabinsu ba. Ba zan ɓoye maka ba, in na ga Nomau har yanzu zuciyata tafasa take, kuma na fi jin haushin kaina, don shi baki kawai ya sa, hannun nawa ne.

Daga wurin liman ban zarce gida ba. Na haye gada na jefa doguwar wuƙar cikin kogi, na wuce unguwar Kirkissoye wurin wani maƙeri. Na ce ya ƙera mini wuƙar yanka, miƙaƙƙiya, siririyar baki, tsawonta ya ɗan wuce faɗin wuyan babbar dabba, ba tsini, ba ado. Ita ce ta ukun, mai jan kube, wadda ko zaro ta ba ka yi ba. Na ɗauka da ita zan koma daji in wanke sunana. Babu maharbin da ya yarda ya fita da ni, don babu mai sayen naman da hannuna ya taɓa.

Na ce to, layya na zuwa. Ranar na dawo daga idi, an kwantar da rago a ƙofar gida, na fito da ita. Sai innarka ta kira ni daga ciki. Kana goye a bayanta. Ta ƙi kallon fuskata, ta ce matan maƙwabta sun gaya mata in dai ni zan yanka, kada a wahalar da yara da kai musu rabo. Daga baya na mayar da wuƙa kube, na aika aka kira Malam Idi. Tun daga wannan shekara shi ke yanka mana, kamar yadda ka taso ka gani. In titi ya cika da hayaƙi, raguna a bubbuɗe kan itace kewaye da wuta, kowane magidanci na nuna nasa, ni nawa hannun wani ne ya halatta shi. Duk jajiberin salla sai na ɗauko ta na wasa, in gwada a gashin hannuna, in shafa mata kitse in mayar. Sa'arka ce, Musa, kuma ba ta taɓa taɓa jini ba. Ga amsar tambayarka, wadda ka yi mini a gaban yara.

To ka ji. Wuƙar yanka daban take. Ba a yanka igiya da ita, ba a fere sanda, ba a buɗe gwangwani, ba a ba da aronta ko ga wa. Ba ta zama a jaka, ba ta zama a mota. Tana ƙugunka na dama tun daga lokacin da aka ɗaga bindiga har dabba ta daina motsi. Ka wasa ta kafin ku fita, ba bayan kun iso ba. In ka ɗora ta a wuya kada ka ɗaga hannu sai ka gama.

Kuma wata rana za ta zo, ko da wuƙarka na aske gashi, da za ku iske dabba ta mutu ta hanyar da ba ta halatta ba. Manyan mutane na tsaye, rana ta yi zafi, an sha wahala, sai wani ya dafa kafaɗarka ya tambaye ka wa ya gani. Mai yiwuwa patoron naka ne, Alhajin da kansa. Kai ne ƙarami a wurin, kai ne mai wuƙa, kuma ranar da magana za ta fito sunanka za a kira, ba nasu ba. Ka ce a'a. In sun kore ka ka hau mota ka dawo, tuwon gidan nan bai ƙare ba. Ni na ciyar da mutane sau ɗaya don kada in ji kunyar yini guda, ga shi har ɗan da na yi abin dominsa ya girma ya yi mini gori da shi.

Ban ce ka jefar da taka ba. Ka sare ƙaya da ita, ka faskara itace, za ta yi wannan. Innarka ta sa maka ukun da gatarin a ƙasan sak ɗinka, jakar tafiyarka, ƙarƙashin bargo, da dutsen washi a cikin tsohuwar safa. Ni na sa ta, kada ka yi mata faɗa. In ka ga har yanzu tarkacen maƙera ne, kada ka sayar, kada ka bayar. Ka ba direba ya dawo mini da su, na saba da ajiyarsu.

In kuwa ka yi aiki da su, abu ɗaya nake roƙo, kuma ban saba roƙon 'ya'yana ba. Ka nemi izini ka zo gida da layya. Kada a kira Malam Idi bana. Ka fito da mai jan kuben a ƙofar gidanmu, a gaban duk wanda ke son kallo, ka yanka mana ragonmu, a kai wa kowa rabonsa mu ga wanda zai mayar. Ni zan riƙe maka ƙafafun ragon. Wannan dai ba a taɓa hana ni ba.

Allah ya kiyaye hannunka, ya kiyaye yatsunka, ya kiyaye abin da za ka sa a bakin mutane. Ya raba ka da irin Nomau, ya raba ka da irin zuciyar da na yi a gindin ƙiryar nan. Ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya da sunan da muka raɗa maka, ba tare da an ƙara masa komai ba. Innarka da yayyenka suna gaishe ka.

Mahaifinka,
Garba. Garba kawai.